Ƙusa Goma Sha Ɗaya

Ni ba malami ba ne, facin taya nake
a bakin kwaltar da ta nufi Mirya,
tsakanin mai shayi da mai sanse a kwalba.
Hannuna ya san ƙaya, ya san tsinken waya,
ya san inda iska ke sulalewa ba sallama.

Ran da aka kawo moton Mutari cikin amalanke
kan moton na kallon wutsiyarsa,
silifa ɗaya maƙale a birki.
Shekara sha bakwai.
Ƙwaya biyu ya narka a shayi,
ya ce wa 'yan fadarsu yau kwalta tabarma ce.
Kamyon albasa bai ji wannan zance ba.

Uwarsa Cima ba ta yi kuka a gabana ba.
Bayan sadakar bakwai ta zo daga Birni da ƙafa,
ta kwance bakin zane,
ta sa makulli a tafina, da ɗuminsa.
Ta ce, Gonda, rataye shi inda yara za su gani.
Na ɗauki guduma. Katakon rumfa ya amsa sau uku.

Kashegari Mushe Lawali ya biyo daga lakwal,
alli a gemu, ya tsaya ya dubi makullin,
ya ce, ƙara ƙusa. Na ƙara goma.
Ya rubuta da gawayi a kan kwano:
Wanda kansa ya yi nauyi, ya rataye, ya kwana.
Ba tambaya. Ba kai ƙara gida.

Sahabi mai shayi ya rantse da butarsa
kofinsa ba zai ƙara zama turmin ƙwaya ba.
Ya yi asarar ciniki, ya gaya mini sau ɗari.
Matan adashi suka ware dala ashirin-ashirin
kuɗin kai yaro ƙofar gidansu in dare ya raba.
Liman ya ambaci zancen ranar Juma'a,
muryarsa ta karye, don ɗan wansa na ciki.

Ilu mai tiren magani, mun same shi mu bakwai,
ba sanda, sai gaisuwa mai tsawo.
Aka haɗa masa jarin dabino.
Wata biyu ya yi yana tallar zaƙi,
yanzu an ce yana bayan tasha da tsohon tirensa.
Za mu koma. Takalmanmu ba su ƙare ba.

Kada ku ce yaran sun yi layi.
Wani ya ce, tsoho, ina ruwan biri da gada?
Wani ya tofa yawu, ya murɗa wuta, ya bar mini hayaƙi.
Sati uku ƙusoshi na tsaye tsirara.
Sai wani dare, bayan isha'i da nisa,
wani dogo mai jan ido, ɗan kabu-kabun Kara-Kara,
ya yi ta laluben katako kamar makaho,
sau biyu makullin na faɗuwa, na uku ya zauna.
Ban ce uffan ba. Na tura masa benci da ƙafa.
Da asuba ya share mini rumfa, ya tafi bai dube ni ba.

Yanzu wani daren uku, wani daren babu.
Ina kwana nan, kunne a kan hanya.
Na san kukan kowane inji a unguwar nan,
na san wanda ke tangaɗi tun daga Kasuwar Dole.

Jiya Bashari, ƙanen Mutari, ya tsaya da moton aro.
Ya daɗe yana kallon ƙusar farko,
wadda makullinta ya fara tsatsa.
Ya taɓa shi da ɗan yatsa, ya tayar da inji.
Ban san me ke cikinsa ba.
Na zauna da taya a cinya, ban liƙe komai ba,
har na ji ya dawo, a hankali,
ya kashe a ƙofar Cima.